Howard French, gwanin da bai ji kunyar komawa aji ba

Ina masu tashi tun kiran assalatu? Ina telan da ke kan keke har dare ya raba, da makaniken da baƙin mai ba ya barin farcensa sai ranar Juma'a, da uwar marayun da ke suyar ƙosai tun gari bai waye ba, da saurayin da ke gyaran waya a ƙarƙashin lema? Sannunku da aiki, sannunku da ƙoƙari. Ku ɗan matso, yau labarin wani abokin nemanku na zo da shi. Da alƙalami da ƙafa ya ci abincinsa, ba a kasuwa ba, amma in kun ji yadda ya yi za ku ce wannan ai namu ne.

Sunansa Howard French, baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a birnin Washington a 1957. Shekara 22 ya yi yana aiki da jaridar New York Times, a cikinsu ya riƙe ofishinta a sassa huɗu na duniya: yankin Karibiyan da Amurka ta Tsakiya, Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Japan da Koriya, sannan Shanghai ta ƙasar Sin. Sau biyu ƙungiyar Overseas Press Club, mai karrama wakilan jaridu na ƙetare, ta ba shi lambar yabo. Littattafansa shida. Tun 2008 yake koyar da aikin jarida a Jami'ar Columbia. Duk wannan kowa na iya hangowa daga nesa. Abin da ya sa na ɗauko shi wani hali ne guda da ya bi shi tun yana saurayi har ya yi furfura: duk sa'ad da ya ƙware a wuri, har aka fara ce masa maigida, sai ya tattara ya tafi inda bai san komai ba, ya koma yaron shago. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mahaifinsa likita ne, aikin kiwon lafiya ya kai iyalin Abidjan ta Kwaddebuwa a shekarun 1970. Tun yana ɗalibin jami'a ya zo hutu, shi da ƙanensa suka bi hanyar ƙasa daga Abidjan har cikin Mali. Da ya gama karatu sai ya dawo Abidjan da zama. Ya koyar a jami'ar birnin, ya yi aikin fassara tsakanin Faransanci da Turanci, a gefe guda yana aika wa jaridu labarai, har da Washington Post, a matsayin ɗan jarida mai zaman kansa.

Kun san abin da ake nufi da mai zaman kansa a wannan sana'a? Ba albashi, ba ofis, ba motar kamfani. Kai za ka biya kuɗin mota, kai za ka nemi masauki, kai za ka yi zaman jiran babban mutum a ƙofar ofishinsa tun hantsi har la'asar, a ƙarshe masinja ya leƙo ya ce a dawo gobe. In Allah ya sa ka samu labarin ka rubuta, a wancan zamani babu intanet, babu wayar hannu. Sai ka nemi gidan waya ka aika, ko ka bi layin kiran ƙetare ka karanta wa wani can nesa kalma bayan kalma, kuɗi na tafiya kowane minti. Sannan ka zauna jira. In edita ya buga, ka ci. In ya jefa a kwandon shara, wahalarka da kuɗin motarka sun bi ruwa. Wanda ya taɓa kasa kaya tun safe har magariba ba a ko taya ba ya san ɗacin irin wannan jira. French bai daina aikawa ba, har ranar da New York Times ta ɗauke shi aiki a 1986.

To, sai aka yi masa me? Sai aka zaunar da shi a teburin labaran cikin gari. Mutumin da ya ratsa Afirka ta Yamma, yana jin Faransanci kamar ruwa, ya koma bin labaran birnin New York kamar kowane sabon ɗauka. Da wani ne sai ya ce an raina shi, ya yi zuciya, ya kama gabansa. Shi kam ya zauna, kusan shekara huɗu, har aka yarda da hannunsa. A 1990 aka buɗe masa ƙofa aka tura shi Karibiyan, inda sai da Sifaniyanci ake shiga yawancin gidaje. Can ya riski Haiti a tsakiyar guguwa: a Disambar 1990 talakawa suka zaɓi limamin coci Jean-Bertrand Aristide, a Satumbar 1991 sojoji suka kifar da shi. Ku riƙe sunan Haiti, za ta sake fitowa a aikinsa bayan shekara 30.

A 1994 ya dawo Abidjan, wannan karon shi ne mai ofis. Mutum guda, ƙasashe sama da 20, kuma kusan kowacce da wutarta. Nijeriya na hannun Janar Sani Abacha, wanda a zamaninsa aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal a Nuwambar 1995. A shekarar dai cutar Ebola ta ɓarke a garin Kikwit na Zayar ta kashe kimanin mutum 250. Mutane na neman hanyar fita, shi yana neman hanyar shiga. Laberiya na cikin yaƙin su Charles Taylor. Sai kuma babbar: 'yan tawayen Laurent Kabila, da goyon bayan Ruwanda da Yuganda, suka ratsa Zayar daga gabas, a Mayun 1997 suka shiga Kinshasa, Mobutu ya gudu bayan kusan shekara 32 yana mulki. Rahotannin French a kan wannan faɗuwa su suka jawo masa lambar Overseas Press Club.

Amma ni ba lambar ce ta fi burge ni ba. A lokacin manyan ƙasashen Yamma na tafa wa waɗanda suka yi nasara, ana kiransu sabon jinin shugabannin Afirka. Cikin wannan tafi French ya nace yana rubuta abin da ake yi wa 'yan gudun hijirar ƙabilar Hutu a dazukan Kwango, wato Zayar ɗin dai, kisan da mutane da yawa suka gwammace kada a ɗaga. Wa ke son mai ɓata biki? Sai a 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da dogon rahotonta a kan ta'asar da aka yi a Kwango daga 1993 zuwa 2003, ga kisan nan a rubuce, wuri bayan wuri. Shekara 13 tsakani! Ke mai awo da ba ki taɓa danne mudu ba, kai birkilan da ka ƙi rage siminti ko da mai gini ya juya baya, kun san wannan hanya: ranar farko ita ce mafi tsada, ribarta kuwa ba ta zuwa da wuri. Ku riƙe ta, kada ku saki.

Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi. Mutum ya kai shekara 40. Ya yi suna a kan Afirka, duk wanda ke son sanin Kinshasa ko Legas shi zai tambaya. Me ya rage in ba ya miƙe ƙafa ya ci moriyar sunansa ba? Sai ya karɓi aikin Tokyo, ya koma aji a Jami'ar Hawaii yana koyon Japananci.

Ku tsaya ku auna wannan. Japananci tsarin rubutu uku yake haɗawa a layi guda. Kafin mutum ya iya karanta jarida sai ya haddace alamomi kusan 2,000, kowace da yawan zanenta, da tsarin wanda za a fara ja da wanda za a ƙare da shi, kuma sau da yawa alama ɗaya karatu biyu ko fiye gare ta. Ga magidanci, wanda jiya shugabannin ƙasa ke amsa tambayarsa, yau yana zaune da littafin rubutu yana jan layi, malami na gyara masa baki. Yau a haddace, gobe a manta, jibi a sake. Ya yi, ya je Tokyo ya yi aiki har 2003. Kuna tsammanin ya huta? A 2003, yana da shekara 45 da ɗoriya, aka ce Shanghai, ya sake buɗe sabon littafi, wannan karon Sinanci, harshe mai karin sauti irin na Hausa, wanda in ka kauce wa sautin ka faɗi abin da ba ka nufa ba. Ina masu cewa kai ya tsufa? Ina masu cewa karatu na yara ne? Ina masu cewa wannan waya ta zamani ta fi ƙarfinsu, a kira musu yaro?

A Shanghai ma bai tsaya ga abin da aka aike shi kaɗai ba. In ya samu sarari sai ya rataya kyamara ya shiga lungunan tsofaffin unguwannin talakawa, waɗanda ake rushewa don a gina dogayen benaye, yana ɗaukar mutane a bakin ƙofofinsu. Hotunan nan suka zama littafi, Disappearing Shanghai, a 2012, tare da rubutun marubuci Qiu Xiaolong. Unguwanni da yawa sun tafi, hotunan suna nan.

Na san abin da wani zai ce, kuma da gaskiyarsa: ɗan likita ne, fasfon Amurka gare shi, babban kamfani na bayansa. Haka ne, ba a musu. Wahalarka ta fi tasa, wutar lantarki ma kaɗai ta ishe ka yaƙi. Amma wakilai nawa ne suka samu irin wannan gata suka yi shekaru a ƙasar mutane ba su iya ko cikakkiyar gaisuwa ba, kullum tafinta na gefensu? Gata na iya biyan kuɗin makaranta, haddar kuwa sai mai ita. Wannan ɓangaren, na zama a sunkuya a maimaita, babu wanda ya fi ku iya shi. Da shi kuka koyi sana'ar da ke hannunku.

Ga abin da naci ya saya masa. Littafinsa na farko, A Continent for the Taking, ya fito a 2004, daga abin da ya gani ya kuma ajiye a shekarunsa na Afirka, kuma bai raga wa gwamnatin ƙasarsa ba a kan rawar da ta taka a nahiyar. Sai wani abu ya faru da duniya ba ta shirya masa ba: Sinawa suka fara kwararowa Afirka, 'yan kwangila da 'yan tireda da manoma da masu gidan abinci. Kowa na magana a kai, daga Washington har Landan, amma wa zai iya zama da Basine a cikin mota a ƙauyen Mozambik su yi hira da harshensa, sannan ya sauka ya juya ga ɗan ƙasa ya ji ta bakinsa? Sai wanda ya san Afirka ya kuma ji Sinanci. Irinsu 'yan kaɗan ne, French na cikinsu. Ya bi Mozambik da Zambiya da Namibiya, ya bi Senegal da Laberiya da Mali da Gana, ya fito da China's Second Continent a 2014, inda ya kiyasta Sinawan da suka ƙaura zuwa Afirka da kimanin miliyan ɗaya. A ciki akwai wani manomi ɗan lardin Henan da ya samu makeken fili a Mozambik, yana faɗin ra'ayinsa a kan baƙar fata ba tare da taunawa ba, irin maganar da ba ta taɓa bi ta bakin tafinta ta fito yadda take. Ilmi biyu da ya tara a wurare biyu masu nisa da juna, ranar da suka haɗu sai ga shi riƙe da kayan da babu su a shagon kowa. A 2017 ya ƙara da Everything Under the Heavens, a kan yadda tarihin Sin ke tuƙa mu'amalarta da maƙwabtanta.

A nan maganar ta iso ƙofar gidanmu. Alhazan Kantin Kwari da na Maraɗi, masu sarin kaya a Guangzhou da Yiwu, ku nake kira. Tun 1963 gidan rediyon Sin ke watsa shirye-shirye da Hausa, kuma ana koyar da Hausa a jami'a a Beijing. Su sun zauna sun koyi namu. Mu fa? Har yaushe za a riƙa ƙulla cinikin kwantena guda da bakin wani, kana murmushi ba ka san abin da aka ce tsakanin mai masana'anta da tafinta ba? Wanda ya iya lissafin yadi dubu a ka, wanda ya san atamfa ta gaske da taɓi ɗaya, ƙidayar Sinanci ce za ta gagare shi? Haba! In kai ba ka da lokaci, ga ɗanka, ga yaron shagonka. A tura shi ya koyo.

Babban aikinsa kuwa sai da ya haura 60 ya fito: Born in Blackness, 2021. An saba koya wa yara cewa Turawan Fotugal hanyar Indiya suke nema, Afirka gaɓa ce kawai da suka kewaya a kan hanya. French ya ce a sake duba lissafi. A 1324 Mansa Musa na Mali ya tafi aikin Hajji, ya ratsa Alƙahira da zinariyar da har ta karya darajarta a birnin. Labari ya kai Turai. A taswirar Katalan ta 1375 ga shi an zana shi bisa karaga, riƙe da curin zinariya. Wannan zinariya Fotugal ta biyo, gaɓa bayan gaɓa, har a 1471 jiragenta suka iso inda ake cinikinta a gaɓar Gana ta yau. A 1482 suka gina sansanin Elmina. Kolumbus kansa ya zo wurin kafin tafiyarsa ta 1492, Vasco da Gama kuwa bai isa Indiya ba sai 1498. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan duniyar: Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, Wangarawa suka zo daga Mali.

Wanda ya je Elmina yau zai tarar da ganuwa fara fat a bakin teku, kwale-kwalen masunta jibge a gindinta, ana ta cinikin kifi. A ƙasan ginin akwai ɗakuna masu duhu, da wata ƙofa 'yar tsukut da mutum ɗaya kaɗai ke iya bi, tana fuskantar ruwa. Gidan da aka gina don zinariya ya koma ma'ajiyar mutane. French ya bi sawun daga nan zuwa tsibirin São Tomé, inda aka gwada noman rake da bayi a manyan gandaye, tsarin da aka kwafa zuwa Birazil da Barbados da Haiti. Daga Afirka gaba ɗaya, kimanin mutum miliyan 12 aka ɗora a jirage. Su suka yi sukarin da ya cika baitulmalin Turai, su suka tsinci audugar da ta juya masaƙun Ingila. A 1791 bayin Haiti suka tashi, suka karya rundunar Napoleon, suka kafa ƙasarsu a 1804. Rashin nasarar nan na cikin abin da ya sa Faransa ta sayar wa Amurka yankin Louisiana a 1803, girman Amurka ya ninka. Haitin da ya sani yana matashin wakili, ga ta a tsakiyar littafinsa. Kuma tarihin gidansu ne yake tonowa, don cikin kakanninsa akwai waɗanda aka bautar a jihar Virginia. A 2022 Gidan Tarihin Baƙaƙen Amurka da ke Boston ya ba littafin kyautarsa.

Kun ji abin da wannan littafi ke faɗa muku, ku masu aikin hannu? Cewa duniyar zamani da ake taƙama da ita, da bankunanta da masana'antunta, gumin leburori ne a gindinta, kuma kaso mai yawa na gumin nan daga wannan yanki namu aka ɗebe shi ba a biya ba. Wancan an ƙwace. Naku na yau a hannunku yake, ku ke yanke masa farashi. To, wa zai sa ɗan dako ya sunkuyar da kai? Wa zai sa mai wankin mota ya ji kunyar a gan shi da soso? Ɗaga kai, malam, aiki kake!

A 2025, yana da shekara 67, ya sake fitar da wani, The Second Emancipation, a kan Kwame Nkrumah da yadda gwagwarmayar 'yancin Afirka ta sarƙu da ta baƙaƙen Amurka. Shi ma Nkrumah ɗin, a shekara goma da ya yi a Amurka daga 1935 zuwa 1945, ya yi tallan kifi a Harlem, ya yi leburanci a masana'antar sabulu, ya yi aikin hidima a jirgin ruwa, yana karatu. Mai tallan kifin nan shi ya tsaya a Accra ranar 6 ga Maris 1957 ya shelanta 'yancin Gana.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kowannenku ya san abin nan guda da ya daɗe yana cewa sai an samu lokaci. Wani karatun boko ne da ya tsaya a aji huɗu. Wani gyaran motocin zamani masu kwamfuta ne, waɗanda in an kawo garejinsa yake cewa a kai gaba. Wata ɗinkin da kwastomominta ke tsallake ta suna kai wa wata. Wani rubuta shiga da fita ne a littafi, maimakon ajiye lissafi a ka. Wani Faransanci, wani Larabci, wani Sinanci. Ka san wanda ya iya abin nan a unguwarku, wataƙila ma sa'an ɗanka ne. Gobe in ka rufe shago kada ka wuce majalisa. Je ka ƙofarsa, ka yi sallama, ka ce masa ka zo koyo.